Alf Garnett da barkwancin da ba a ramawa

Duk Baturen Ingila da ya haura shekara sittin ya san Alf Garnett, maigidan wasan kwaikwayon BBC mai suna Till Death Us Do Part, wanda aka fara nunawa a 1965 aka ci gaba har 1975. Talaka ne ɗan gabashin Landan, yana son ƙungiyar ƙwallon West Ham kamar ransa, yana ƙaunar gidan sarauta da jam'iyyar Conservative wadda ba ta ma san da zamansa ba. Bakinsa ba linzami. Daga kujerarsa yake zagin baƙar fata, 'yan Pakistan, Yahudawa, har da matarsa, surukinsa Mike ɗan Liverpool kuwa yana ta yi masa gardama.

Johnny Speight da ya rubuta wasan so yake a ga wautar mai wariyar launin fata. Warren Mitchell da ya fito a matsayin Alf shi kansa Bayahude ne. Sai dai masu kallo da dama sun ɗauki Alf gwarzon da ke faɗin abin da ke cikinsu. Da Amurka ta kwaikwayi wasan a 1971 da All in the Family, inda Archie Bunker ya gaji kujerar, haka aka sake yi. Wani bincike na 1974 ya nuna masu irin ra'ayin Archie sun fi ganin shi ne mai gaskiya a gardamar.

Turawan da nake aiki da su sukan kare wasan da cewa ai raha ce. To mu ma mun san raha, kuma tamu ta fi tasu zafi. Bakano ya kira Bazazzagi bawansa, Bafulatani da Babarbare su yi ta yankar juna a tasha har fasinjoji su riƙe ciki, Bagobiri da Bayarabe ba a magana. Amma a wasan barkwanci wanda aka tsokana yana nan tsaye, yana da bakin ramawa, kuma al'ada ta ba shi wannan dama. Gobe shi zai fara. Ko Samanja, da marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa a talabijin ɗin Kaduna, sojan da yake kwaikwayo nasa ne, domin ya sa kakin da gaske.

A falon Alf kusan kullum Turawa ne zalla ke gardama a kan mutanen da ba sa wurin. Mike yana rama musu, amma shi ma an zana shi malalaci mai cin arzikin suruki, don haka ramuwar ba ta da nauyi. Wata abokiyar aikina da iyayenta suka zo daga Pakistan ta ce washegarin duk daren da aka nuna wasan, kalaman Alf take ji a bakin yara a filin makaranta, kuma babu yaron da ya haddace na Mike.