Blakberin Amurka a tsakar gidana

Wani abokina ne da yake harkar shuke-shuke a Jos ya ba ni ɗan dashe a leda, ya ce sunansa blakberi, irin da jami'ar Illinois ta Amurka ta fitar ne wai shi Illini Hardy, 'ya'yansa baƙaƙe kamar ɗinya amma ƙanana a cure wuri ɗaya. Na kawo shi gida Unguwar Rimi na dasa jikin katanga kusa da igiyar shanya.

Damina na sauka abin nan ya haukace. Rassa ta ko'ina, kowanne cike da ƙaya mai lanƙwasa wadda in ta kama ka ba ta saki, kuma saiwarsa ta ƙarƙashin ƙasa take bi ta ɓullo a wani wurin, har bayan ɗakin girki na gan shi. Zanin uwargida biyu ya yaga. Ta ce Maigida wai ina 'ya'yan ne? Na kira mutumin Jos ya ce ai reshen bana ba ya haihuwa sai ya shekara, a yi haƙuri. Muka yi haƙuri. Shekara ta zagayo ko fure babu, sai a lokacin yake gaya min wai shukar sai ta sha sanyi na ɗaruruwan awoyi ƙasa da digiri 7 kafin ta farka ta yi fure, don can garinsu ƙanƙara ma ba ta kashe ta. To jama'a hunturun Kaduna da muke ƙudundunewa a bargo muna kuka da shi, ita ko a jikinta.

Sai na ce to bari in kawo mata Amurka har gida. Kullum da daddare in kwaso ƙanƙara a firiza in jibge mata a gindi, yara na leƙe ta taga suna dariya, uwargida kuma da take sayar da zoɓo ta daina min magana don ƙanƙarar sana'arta nake kwashewa. Ranar wata Juma'a na tsuguna ina duba ko akwai alamar fure, da sabuwar shaddata, abin ya riƙe min babbar riga ta baya, na juya in cire ya kama hannun, na sunkuya ya ɗauke hula. Ina jin liman ya fara huɗuba ni kuwa ina tsakar gida ina kiran a kawo almakashi.

Da na ji cewa a Amurka ma hayar awaki ake yi su cinye shi in ya addabi mutane, na je na aro na maƙwabcinmu. Sun ci ganyen kam, suka haɗa da zogalen uwargida da rama, bayan ruwa ɗaya kuma sai ga sabbin tsiro sun fi na da yawa. Jiya Alhaji mai awakin ya tare ni a ƙofar masallaci, wai ya ji labarin can Turawa biyan awaki suke yi, yaushe zan kawo na nasa.