Ɗan mowa da ɗan bora a filin ƙanƙara

A Okene, cikin jihar Kogi ta yanzu, aka haifi Akim Aliu a 1989, uba ɗan Najeriya, uwa 'yar Yukren. Ya yi ƙuruciyarsa a Kyiv kafin iyayensa su yi ƙaura zuwa Toronto, kuma a can ya faɗa wa wasan da mutanen Kanada ke mutuwar so, wato hoki na ƙanƙara, wanda ake yi a guje kan takalma masu kaifin ƙarfe, da sanda a hannu, ana kora wani ɗan faifan roba zuwa raga. Yaron ya iya wasan. Yana da shekara 16 ƙungiyar matasa ta Windsor Spitfires ta ɗauke shi.

A 2005, cikin motar da ke jigilar ƙungiyar, manyan 'yan wasa suka umarci sababbin shiga su tuɓe tsirara a cusa su cikin ɗan banɗakin motar, wai al'ada ce ta karɓar baƙi. Aliu ya ce shi kam ba zai yi ba. Ba a jima ba, a wajen atisaye, Steve Downie, Bature, wanda shi ne tauraron ƙungiyar, ya maka masa sanda a baki. Aliu ya ce haƙora bakwai ya rasa. Ya fita, ya dawo, suka dambace, kyamara ta ɗauka. Hukumar gasar ta dakatar da kocin wasa 40, aka kuma dakatar da Downie wasa biyar, Aliu wasa ɗaya.

To, a duba inda kowannensu ya ƙare. Bayan 'yan watanni Downie yana sanye da rigar Kanada a gasar matasa ta duniya, ya ciyo zinare, ya sake ciyowa a 2007. A wannan shekarar ta 2007 babbar gasar NHL ta dakatar da shi wasa 20 saboda mugun dukan da ya kai wa wani ɗan wasa a ka. Duk da haka ya buga wasa sama da 400 a gasar. An soki ƙetarsa, gaskiya ne, amma an soke ta a matsayin zafin zuciyar yaro mai kishin nasara, irin wanda kowace ƙungiya ke son ta samu guda. Shi kuwa wanda aka zubar wa haƙora, sunan da ya bi shi shi ne mai taurin kai, mai wuyar sha'ani, wanda ba ya zaman lafiya da mutane. Ana sa ran a ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2007, sai ya zamo na 56. Wasa bakwai kacal ya buga a NHL, tare da Calgary. Sai a Nuwambar 2019 ya fito ya faɗi cewa shekara goma kafin nan kocinsa a ƙungiyar Rockford, Bill Peters, ya zage shi da kalmar ƙasƙanci da ake yi wa baƙar fata saboda kiɗan da yake saurare, kuma da ya nuna bai yarda ba aka tura shi ƙaramar gasa. Abokan wasansa biyu suka shaida. Cikin kwana huɗu Peters ya ajiye aikin horar da Calgary. Shekara goma ke nan ana karanta wa jama'a cewa yaron ne mai matsala.

Idan aka tashi maganar wariyar launin fata a hoki, ɗanyen aikin 'yan kallo ake fara kawowa: ayabar da aka jefa wa Wayne Simmonds a 2011, ruwan ashar da aka yi wa Joel Ward a Twitter a 2012 don ya ci ƙwallon da ta fitar da Boston, 'yan kallon Chicago da suka dinga yi wa Devante Smith-Pelly ihun ƙwallon kwando a 2018, wato ya koma wasan danginsa. Irin wannan kowa na tir da shi, har jaridun, domin ba shi da wuyar ganewa. Amma a ganina ba shi ke raba mutum da abincinsa ba. Abin da ke yin haka shi ne sunan da mai sharhi zai laƙaba wa ɗan wasa cikin natsuwa, sanye da kwat, ba tare da ya ambaci launi ko sau ɗaya ba. A hoki, shaidar hali kuɗi ce. Da ita ake saye, da ita ake sayarwa, da ita ake ba da kyaftin, kuma da ita ake rufe wa mutum ƙofa.

Babu wanda ya ɗanɗani wannan a bainar jama'a kamar P.K. Subban. Ɗan Toronto ne, mahaifinsa daga Jamaika, mahaifiyarsa daga Montserrat, kuma ɗan baya ne mai kai hari, mai fara'a, mai son ado da magana. Tun kakarsa ta farko cikakkiya da Montreal, a 2010, kyaftin ɗin Philadelphia Mike Richards ya faɗa a rediyo cewa yaron ba shi da ladabi, kuma in bai daina rawar kai ba wani abu na iya samunsa. Wannan barazana ce ƙarara daga babba zuwa ga sabon shiga, amma muhawarar da aka buɗe a kafafen labarai ita ce ko Subban ya san girman manya. A 2013 kocinsa Michel Therrien ya hana shi tafa hannun murna da yakan yi da mai tsaron gida Carey Price in sun yi nasara. A wannan shekarar Subban ya lashe kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya, baƙar fata na farko da ya taɓa samunta. A 2015 ya yi alkawarin tara dalar Kanada miliyan 10 ga asibitin yara na Montreal. A watan Yunin 2016 aka sayar da shi ga Nashville, kuma aka cika shafuka da raɗe-raɗin cewa ba ya jituwa da abokan wasa, ya cika son a gan shi, ya fifita sunansa a kan ƙungiya. Har kyautar asibitin wasu suka karanta a matsayin neman suna. Da kakar ta zagayo, Nashville ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a karon farko a tarihinta, da shi a tsakiyar tsaro.

A kan hanyar zuwa wasan ƙarshen nan ne Mike Milbury, mai sharhi a tashar NBC, ya ga Subban yana ɗan taka rawa lokacin motsa jiki kafin wasa, ya kira shi ɗan kama a gaban masu kallo. Milbury ɗin nan shi ne a 1979, yana ɗan wasan Boston, ya haura wurin zaman 'yan kallo a New York ya tuɓe wa wani mutum takalmi ya doke shi da shi. Har yau ana nuna hoton wannan dare ana dariya, a matsayin labarin mazan jiya. Abin nan yana ci mini rai. Wanda ya doki ɗan kallo ya zama alƙalin ladabi, wanda ya motsa kafaɗa ya zama abin kunya.

A ajiye Brad Marchand, Bature, kusa da Subban. A 2018 Marchand ya lashi fuskar abokin hamayya da harshe ana tsakiyar wasa, har hukumar ta ja masa kunne. Zuwa 2022 an dakatar da shi sau takwas. Yadda ake ba da labarinsa shi ne ɗan tsokana ne mai wayo, wanda kake ƙi sai in a ƙungiyarka yake, wanda ya girma ya natsu. A 2023 Boston ta naɗa shi kyaftin. Ban ce bai cancanta ba, ɗan wasa ne na gaske. Abin da na ce shi ne an ba shi damar zama mutum mai fuska da yawa, mai kuskure da gyara. Ɗan mowa in ya fasa tulu a ce ƙuruciya, ɗan bora in ya yi dariya da ƙarfi a ce rashin tarbiyya.

Akwai masu cewa wannan ba launi ba ne, al'adar wasan ce, kuma ba maganar banza suke yi ba. Hoki ba ya son mai ɗaga kai, ko wane ne. Don Cherry, wanda ya yi shekara kusan 40 yana sharhi a talabijin ɗin Kanada kafin a kore shi a 2019 kan kalamansa game da baƙin haure, ya caccaki Alexander Ovechkin, Bature ɗan Rasha, kan yadda yake murnar cin ƙwallo, ya zagi 'yan wasan Carolina kan shagalinsu na bayan nasara, ya daɗe yana yi wa Turawan nahiyar Turai da masu jin Faransanci ba'a. Haka kuma ba duk baƙin ɗan wasa da aka soka ne aka zalunta ba. Evander Kane ya jawo wa kansa abubuwa da hannunsa, ciki har da dakatarwar wasa 21 a 2021 kan karya dokokin korona. Na yarda da duk wannan. Sai dai a dubi tsawon ran suka. A 2012, tun kafin waɗancan matsaloli, hoto ɗaya da Evander Kane ya ɗauka a Las Vegas riƙe da damin kuɗi a kunne ya ishe shi zama abin tattaunawa a Winnipeg. Patrick Kane kuwa, Bature, an kama shi a Buffalo a 2009 kan dukan direban tasi saboda canjin da bai kai dala ɗaya ba, ya amsa laifin tayar da hankali, kuma cikin 'yan shekaru labarin ya koma na yaron da ya yi hankali. Ga Bature, laifi abu ne da ya faru ranar kaza. Ga baƙi, laifi yakan zama bayanin ko shi wane ne, a jawo shi duk lokacin da aka rasa dalili.

Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanan, ya ga wannan a 2022, lokacin yana buga wa Colorado. Shi ma ba waliyyi ba ne, an dakatar da shi a wasannin neman kofi a 2018 da 2019 da 2021, kuma ya ci hukuncin. Amma a wasan Colorado da St. Louis na watan Mayu, shi da wani ɗan bayan St. Louis ɗin ne suka yi karo suna rububin ƙwallo suka faɗa kan mai tsaron gidan St. Louis, Jordan Binnington, ya ji rauni. Alƙalan wasa ba su ga laifi ba, hukumar ma ba ta hukunta shi ba. Kocin St. Louis, Craig Berube, da aka tambaye shi, cewa ya yi a dubi sunan da Kadri ya yi. Aka ɗauki maganar aka yaɗa, sai barazanar kisa da zagin addini suka biyo baya har 'yan sanda suka shigo. Binnington, wanda ya jefi Kadri da gorar ruwa yana tsakiyar hira da talabijin, bai sha rabin wannan ba. A wasa na gaba Kadri ya zura uku, kuma bayan wata guda ya zama Musulmi na farko da ya ɗaga kofin Stanley.

Mai kallon Firimiya a Kano ko Maraɗi ya san wannan cuta ko bai taɓa ganin ƙanƙara ba. A Disambar 2018 Raheem Sterling ya jera kanun labarai biyu na jarida ɗaya kan matasan Manchester City biyu da suka sayi gida: an yaba wa Phil Foden da ya saya wa mahaifiyarsa, an yi wa Tosin Adarabioyo gorin kashe miliyoyi alhali bai taɓa fara wasan Firimiya ba. Wani bincike da aka yi a 2020 tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila, kan sharhin wasa 80, ya gano cewa sama da kashi 60 cikin 100 na yabon basira yana tafiya ga masu hasken fata, su kuwa baƙaƙe ƙarfi da gudu ake yawan ambata musu.

Abin da ya sa na hoki ya fi tsanani shi ne ƙarancin masu cewa a'a. Baƙaƙen Nova Scotia sun kafa gasarsu ta hoki tun 1895, shekara 22 kafin a kafa NHL, amma sai 1958 Willie O'Ree ya zama baƙi na farko da ya buga a cikinta, kuma sai 1974 aka ga na biyu. Sai 2022 aka sami baƙi na farko a kujerar babban manajan ƙungiya, Mike Grier a San Jose. Rahoton da NHL ta fitar da kanta a wannan shekarar ya nuna kusan kashi 84 cikin 100 na ma'aikatan gasar da ƙungiyoyinta farare ne, baƙaƙe ba su kai kashi 4 ba. Daga bakin waɗannan mutane ɗan jarida ke samun labari. Koci ko mai farautar 'yan wasa zai ja shi gefe ya ce kada a ambaci sunana, amma yaron nan yana da matsala. Ɗan jaridan yana buƙatar wannan majiya gobe da jibi, don haka sai ya rubuta kamar yadda aka gaya masa. Wata ƙungiyar ta karanta, ta ja baya. Ba lallai a sami mai mugun nufi ko ɗaya a layin ba, amma a ƙarshe an shafa wa mutum kashin kaji kuma ba shi da wanda zai tuhuma.

Jarida na iya yin akasin haka in ta ga dama, kuma ta taɓa yi. A 2020 Arizona ta zaɓi Mitchell Miller, wanda kotun yara ta samu da laifin cin zarafin wani ɗan ajinsu baƙar fata mai naƙasa. Jaridar Arizona Republic ce ta je ta saurari yaron da iyalinsa, ƙungiyar ta janye. A Nuwambar 2022 Boston ta ba Miller kwantiragi da sunan ba shi dama ta biyu, aka yi ca a kanta, har manyan 'yan wasanta suka nuna rashin jin daɗi, ta soke cikin kwana biyu, shugabanta Cam Neely ya amsa cewa ba su ma tuntuɓi iyalin wanda aka zalunta ba. Aikin da aka yi a nan ba wani mai wuya ba ne, an dai tambayi ɓangaren da ba a saba tambaya ba. Shi nake so editocin wasanni na Toronto da Montreal da Boston su mayar ƙa'ida. Duk wakilin da ya kawo musu labarin cewa wane ba ya jituwa da 'yan ƙungiya, su tambaye shi wa ya faɗa, me ɗan wasan ya aikata, a wace rana, an ji ta bakinsa, kuma me jaridar ta rubuta lokacin da Bature ya aikata irinsa. In babu amsa, labarin ya tsaya a tebur.