Sai an hau babur kafin a sayo gishiri

Wallahi abin nan na ci min tuwo a ƙwarya. An yanka filaye a bayan gari kowa ya gina gidansa, amma ko gurin ɗan tebur ba a bari ba balle injin markaɗe. Jiya da magariba Maggi ya ƙare, miya na kan wuta, na aiki yaro cikin gari sai bayan isha'i ya dawo ƙafa duk taɓo. Acaɓa kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin hawa ya fi na cefanen. A tsohuwar unguwarmu daga zaure kana hango mai ƙosai da kemis, nan kuwa in ka manta abu a kasuwar Wudil ran Juma'a sai dai a tura yaro maƙota da kofi.