Yaro ya kama ƙwallo, alƙali ya ce bai kama ba

Asabar da ta wuce na ajiye tasi na tafi kallon ɗana a gasar besbol ta yaran unguwarmu a Bronx, cikin birnin New York. Shi ke tsaron tasha ta farko, inda wanda ya buga ƙwallo da sanda ke fara rugawa; in mai tsaro ya kama ƙwallon kafin ya iso, an fitar da shi. Aka jefo masa ƙwallo ta shige safar hannunsa daram, ƙafarsa na kan tasha, mai gudu bai iso ba. Sai da ya zo ciro ta zai jefa sannan ta suɓuce. Alƙalin wasa ya ware hannuwa, wai mai gudu ya tsira.

Dokar nan a fili take. In ƙwallo na rawa a safa, ko an danne ta da ƙirji har mai gudu ya taka tasha, ya tsira, ba gardama. Amma in an riƙe ta gam, ta faɗi wajen cirowa, kamu ya tabbata. MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka, ita ma ta sha wannan rikici a farkon kakar 2014, kafin Afrilu ya ƙare suka gyara fassarar dokar.

Na haɗiye fushina har aka tashi. Na sami alƙalin yana kwance kayansa, na gaishe shi, na ce, "Yallaɓai, don Allah fahimtar da ni, ba a wajen cirowa ta faɗi ba?" Bai ɗago ba. Na maimaita. Sai ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "A ƙasarku ana buga wannan wasan?" Na ce ɗana a nan aka haife shi. Ya zuge jakarsa ya ce, "Je ka kalli ƙwallon ƙafa." A gaban yaron! Yaro na tsaye da safa a hannu, ido ya cika da ƙwalla.

Shekara da shekaru muna biyan kuɗin rajista, mu sayi safa, mu sayi sanda, fili duk ramuka, in an yi ruwa sai ya koma kududdufi. Alƙali ɗaya tak ake turo mana, ya tsaya bayan mai bugu yana yanke hukuncin abin da ya faru a nisan ƙafa 60. Me zai gani?

A Bronx ɗin nan aka buɗe sabon filin ƙungiyar besbol ta Yankees a 2009, a kan filin wasan jama'a aka gina shi, da tallafin gwamnati. Can in an yi shakka sai a duba bidiyo. Mu da ake cirar harajinmu, 'ya'yanmu ko alƙali na biyu ba su samu ba. Masu mulkin birnin nan sun san hanyar unguwarmu sarai lokacin zaɓe. Su zo su cike ramukan nan, masu gasa kuma su kawo alƙalan da suka karanta doka, ko su daina karɓar kuɗinmu.