"Gyarawa nake" kafin a taɓa ake faɗinsa

Labari ya iso ni cewa jiya a zaman kwamitin ƙungiyarmu ta ces wani ya yi gyaran murya ya ce wai "wasu ba su iya shan kaye ba." Aka bushe da dariya. Madalla. Bai kira sunana ba, ni ma ba zan kira nasa ba, mun yi canjaras ke nan. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Shan kaye kuma? Zagaye 7 na buga a gasar darar ces ta shiyya, na ci 4, na yi canjaras 3 (ci maki ɗaya ne, canjaras rabi). A nuna mini allon da aka kayar da ni. A kan takarda aka kayar da ni, da biro, bayan an kwashe 'ya'yan dara an zuba a jaka.

Ko yaron da ya fara ces makon jiya ya san doka ɗaya: ɗan da ka taɓa shi za ka tura. In gyara masa zama kawai za ka yi, sai ka fara cewa j'adoube, wato "gyarawa nake", sannan ka kai hannu. Kafin a taɓa ake faɗa. Wanda ya taɓa, ya ga za a cinye masa sarauniya, sannan ya ce gyarawa yake, kowa ya san sunansa a ɗakin wasa.

To ranka ya daɗe ya kai wannan hali kan ƙa'idar gasa. Takardar da aka raba mana tun kafin zagayen farko ta ce in maki ya zo ɗaya, tsarin Buchholz ne zai raba gardama. Ba wani abu mai wuya ba ne, a tara makin duk waɗanda ka kara da su, wanda ya haɗu da gwanaye ya fi wanda ya yi ta tsintar masu rauni. Ni da yaron wani muka tashi da maki 5 da rabi kowannenmu, gurbin zuwa gasar ƙasa kuma ɗaya ya rage. Tun zagaye na 3 ina kan allunan gaba ina gumi da manya. Shi kuwa ya faɗi tun a wasan farko, ya sulalo ta ƙasa yana cin na baya, kamar yadda tsarin Suwis, mai haɗa masu maki kusan ɗaya su kara, kan yi wa wanda ya yi tuntuɓe da wuri. Aka buga lissafi, aka ga inda ya nufa, sai aka shiga ɗaki aka ja ƙofa. Da aka fito, wai yawan wasan da mutum ya ci ne ma'auni, 5 ɗin yaron ta fi 4 ɗina. Na tambayi dalili, aka ce "gyara" aka yi. Yallaɓai, kafin a taɓa ake faɗa.

Ban ce ƙidaya yawan ci haramun ba ne, ma'auni ne sananne, akwai gasar da ke amfani da shi. Da shi aka rubuta tun farko da na san irin bugun da zan yi, da ban karɓi canjaras a zagaye na 6 ba alhali akwai sauran faɗa a allon. Na karɓa ne don na yi lissafi da takardar da ke hannuna. Laifina ke nan, na yarda da takarda mai sa hannun wani.

Maganar waya ma da na yi niyyar bari, amma tunda an taɓo ni. A zagaye na 4 wayar yaron ta yi ƙara a aljihunsa, ɗaki duka ya ji. A 2003 a Plovdiv ta ƙasar Bulgeriya wayar Ruslan Ponomariov ta yi ƙara, yana riƙe da kambun duniya na FIDE, hukumar ces ta duniya, a lokacin, aka ba abokin karawarsa wasan. Zakaran duniya fa. A nan kuwa sai aka dafa kafaɗa aka ce "kashe ta mana, ɗana." Na sani, dokar FIDE ta bar wa masu shirya gasa damar sassauta hukuncin waya, amma sai sun rubuta a ƙa'idar gasar. A tamu ba a rubuta ba. Wannan ma gyara ne, ko?

Aka ce in ɗaukaka ƙara. Na ɗaukaka. Na shiga ɗakin sai na tarar da fuskar da ta yanke hukuncin ita ce ke jiran ƙarar. Shi ne sakatare, shi ne alƙalin wasa, shi ne mai horar da yaron, shi ne shugaban kwamitin ƙara. Ko sarauniya da ke yawo ko'ina a allo ba a ba ta tsallen doki ba, shi ya haɗa har da na dokin.

Kuma kada a ce kujera nake nema, wallahi ba na so. Shekara nawa ina ɗauko agogunan wasa nawa na kaina in kawo gasa, wa ya taɓa ce mini sannu? Wa ke tsayawa jera kujeru in kowa ya watse? Kundin ƙungiya ya ce zaɓe duk bayan shekara 2, ga mu a ta 4 babu babban taro, babu bayanin kuɗin rajista. Da na yi magana aka ce ina da zafin kai. E, ina da shi! An ƙwace mini gurbi ido na ganin ido, sannan a zauna a bayana ana dariya wai ban iya shan kaye ba?

Taken FIDE tun daɗewa shi ne Gens una sumus, wai mu dangi ɗaya ne. Wani ya ɗauka nufinsa a ba ɗan gida.

Yaron ba ruwansa, yana da kai, Allah ya ba shi sa'a a gasar ƙasa. Can dai alƙalin ba ubangidansa ba ne, a ce masa ya bar wayar a waje. Takardar ƙa'idar nan ta farko kuwa tana wurina, da kwanan wata da sa hannu. Ranar da aka ga dama aka kira babban taro zan zo da ita, in karanta a gaban kowa, sai mu ji ko a nan ma gyarawa ake.