Husufin rana ba shi ne matsalar wutar sola ba

Duk lokacin da aka yi husufin rana a ƙasar da ta zuba jari a wutar sola, sai masu kushe ta su taso: ai ga shi nan, wutar da inuwar wata ke kashewa ba abar dogaro ba ce. Ban yarda da wannan magana ba, kuma abin da ya faru a Texas ta Amurka ranar 8 ga Afrilun 2024 ya ishe ni hujja.

A ranar, wutar da farantan sola ke bai wa jihar ta faɗo daga sama da megawat 13,000 zuwa ƙasa da 1,000. Abin da ya ɓace cikin ɗan lokacin ya ninka abin da babban layin wutar Najeriya ke rarrabawa a rana mai kyau fiye da sau biyu. Amma ba a ɗauke wuta ba. Hukumar ERCOT mai kula da layin wutar Texas ta san ranar da mintin tun tuni, ta sa tashoshin iskar gas suka zauna cikin shiri, batura kuma suka cike giɓin. Gajimare ba ya aiko da sanarwa, hazo ma haka, shi kuwa husufi ana lissafa shi shekaru aru-aru kafin ya zo.

Inda injiniyoyi ke jin jiki shi ne wajen dawowar ranar. A Jamus, ranar 20 ga Maris 2015, wata ya fara rufe rana da hantsi, lokacin ba ta yi ƙarfi ba, bai sake ta ba sai dab da tsakar rana. Sai wutar da ta dawo ta fi wadda ta tafi yawa nesa ba kusa ba, ta kwararo a guje cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Layin wuta ba ya son ragi, ba ya son rara, dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa. Jamusawa suka riƙa sassauta manyan tashoshinsu bi da bi. Italiya ba ta tsaya wannan kasadar ba, ta cire manyan gonakin sola daga layi har abin ya wuce.

Yanayin gari ma yana sauyawa, kuma waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris 2006 a Gusau da Katsina za su tuna sanyin da ya ratso da safiyar nan. Ƙasa na daina ɗaukar zafi, iska mai ɗumi ta daina tashi sama, sai iskar da ke kaɗawa ta lafa, wani lokaci har ta karkata. Masu bincike a Holan da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na husufin da aka yi a Afirka sun gano cewa ƙananan gajimare kan fara watsewa tun wata bai rufe fiye da kashi 15 cikin ɗari na rana ba. Lafawar iskar nan na rage wa masu samar da wuta da iska, wato asara biyu a lokaci guda.

Abin da ya fi wuyar lissafi kuwa mutane ne. A Birtaniya a 1999, jama'a sun bar aiki sun fita kallo, da suka koma suka kunna komai lokaci guda, buƙatar wuta ta yi tsalle da kusan megawat 3,000.

Ranar 2 ga Agustan 2027 inuwar wani husufin za ta ratsa Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar da Saudiyya, har birnin Luxor na Masar ya yi fiye da minti 6 cikin duhu, ga katafariyar gonar sola ta Benban ba nisa. Mu nan wani sashe na ranar kawai zai rufe, mai inbata da batir a gida da wuya ma ya lura. Babban layinmu kuwa ya sha durƙushewa rana na tsakiyar sama tana haske tar, don ba shi da isasshiyar wutar ko-ta-kwana da za ta tare shi idan tasha ɗaya ta faɗi.