Kada a yi gaggawar jefar da tsohuwar kwamfutar gida

'Yan uwa, tun da na dawo daga Jidda ranar Asabar nake son yin wannan magana. Na je wani taro ne na masu aiki da buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar lambobinta a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wani ba tare da ya biya lasisi ba. Jirgin ƙasan Haramain na hau daga Makka da safe. A zauren akwai Larabawa da 'yan Sudan da Indiyawa, mu Hausawa kuwa ba mu wuce uku ba, abin ya dame ni.

An yi jawabai da yawa, amma wani tebur da ke bakin ƙofa shi ya riƙe ni. Wani matashi ɗan Sudan ya jera tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda muke gani a haraj, wato kasuwar gwanjo, an zube su a ƙasa, ya sa musu Linux Mint, wata buɗaɗɗiyar manhaja mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Na zauna na gwada ɗaya. Ta tashi da sauri, na buɗe LibreOffice, manhajar rubutu irin Microsoft Office, na rubuta ƙ da ɗ da ɓ, duk suka fito daidai. Nan take na tuna da tamu ta gida, wadda na saya a 2015, yara suna kukan ta yi nauyi, har na fara lissafin sayen sabuwa a biya kaɗan-kaɗan.

Ga inda matsalar take. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da furosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Ke nan kwamfutoci masu lafiya da yawa a gidajenmu an rufe musu ƙofa, alhali babu abin da ya lalace a jikinsu. Mu da muke tura kuɗi gida duk wata, ga kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ga haya, ban ga dalilin da zai sa mu zubar da abu mai aiki ba.

Ni dai na yanke shawara zan gyara tamu in sa mata Linux Mint. Zan cire tsohon faifan nan mai juyawa in sa SSD, faifai mai sauri da ba ya juyawa, don tsohon ne yake jan ƙafar kwamfutar fiye da komai. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita nan take, 4GB ne, zan mayar da shi 8. Wanda zai yi haka ya fara duba ko DDR3 ko DDR4 tasa take ɗauka kafin ya je shago, domin ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Sannan zan buɗe ta in share fanka, ƙurar Makka da zafinta ba sa raga wa na'ura.

Yayana ya ce min, "Kai ƙanena, yara da Madrasati fa?" Na ce masa, Yaya, Madrasati, shafin karatun makarantun Saudiyya, da Absher na harkokin gwamnati duk ta burauza ake shiga, Firefox kuma tana zuwa a cikin Linux Mint. Wayar Android da ke hannunsa ma a kan Linux aka gina ta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finlan.

Gaskiya akwai inda ba za ta yi ba. Wanda abincinsa Photoshop ne ya tsaya a inda yake, wasu firintocin ma sai an sha fama. Shi ya sa zan fara sa Linux a filashi in gwada ba tare da na goge komai ba, bayan na kwashe hotunan iyali a wani faifan.

Babbar 'yata ce za ta riƙe sukundireba ranar Juma'a bayan la'asar. Ina so ta ga cikin kwamfutar da idonta, taro na gaba kuma tare za mu je in sha Allah.